Kunnen Dama

Kafin Anti Bilqis ta tayar da mota sai ta kira. Tana zaune a bayan sitiyari, Rekiya na tsaye tana riƙe mata get, suna ganin juna, amma sai wayar ta yi ƙara.

"Kin saka?"

"Na saka, Anti."

"Ba na jin ki sosai. Gyara shi."

Rekiya ta ƙara tura iyafis, ɗan abin sauraron waya, cikin kunnenta na hagu. Igiyarsa ta bi ta ƙarƙashin ɗankwali ta sauka aljihun rigarta inda wayar take. Motar ta fita ta hau titin Karu. Rekiya ta rufe get ta koma ciki, amma titin ya biyo ta: hon, ihun kwandasta, kukan babura, rediyon motar, duk a cikin kunne ɗaya.

Haka tsarin gidan yake. Ma'aikatar da Anti ke aiki ta ba ma'aikatanta layukan da suke kiran juna kyauta. Ta karɓo biyu, ta riƙe ɗaya, ta ba Rekiya ɗaya. Daga fitarta da safe har dawowarta layin a buɗe yake. Idan ya yanke da kansa ta sake kira. A gida akwai Hajjo, mahaifiyar mijinta Umar Farouk, wadda ɓarin jikinta ya shanye. Akwai Al-Amin, ɗansu, da bai daɗe da fara magana ba. Rekiya 'yar ƙanwar Umar Farouk ce, Kawu take kiran sa, jikar Hajjo, shekararta ashirin da biyu. Daga Tungan Maje aka ɗauko ta don ta kula da kakarta.

Ita Anti ba ta sa komai a kunnenta. Ajiye tata wayar take yi a kan tebur kusa da fayiloli. Duk abin da ya taɓa teburin nan, a kunnen Rekiya yake sauka. A ja kujera, a buga hatimi, firinta ta kama gurnani, wata ta kwashe da dariya. Idan Anti ta shiga mitin kuma, raɗa take yi.

"Mama ta sha magani?"

A bayan tagar kicin janareto yake. Idan yana aiki, ba a jin raɗa sai an ƙure ƙarar waya. Rekiya ta ƙure. Can mitin ya tashi, Anti ta fito baranda ta ɗaga wayar zuwa bakinta da cikakkiyar muryarta.

"Rekiya! Ina miki magana kin yi shiru!"

Sai ta ji kamar an soka mata tsinke. Ranar farko ta rage ƙarar. Anti ta yi raɗa ba ta ji ba, ta dawo gida ta yi faɗa har Al-Amin ya fashe da kuka. Daga ranar ba ta ƙara ragewa ba.

Hajjo ce ta raɗa wa abin suna. Bakinta ya ɗan karkace, maganarta na fita da nauyi, amma harshenta yana nan da kaifinsa.

"Ke, kaskar nan ba ta ƙoshi ne? Tun safe take maƙale da ke."

"Hajjo, tana jin ki fa."

"To ta ji mana. Sannu da aiki, Bilkisu! Gwamnati na nan lafiya?"

Rekiya ta toshe bakinta kada dariya ta fita. A kunnenta Anti ta ce, "Me Mama ta ce?"

"Gaishe ki take yi."

Lokacin sallah ne kawai aka yarda ta cire. Shi ma sai ta sanar. Sai ta fara jan sallar. Ta yi nafila kafin, ta yi nafila bayan, ta zauna da carbi tana kallon bango. Ba ta jima da farawa ba Anti ta gane.

"Wai azahar kike yi ko tarawihi?"

A kan dardumar ta fara jin gyaren. Ta yi sallama, ɗakin ya yi tsit, sai ga kukansa siriri ba ya tsayawa. Ta ɗaga darduma. Ta leƙa ƙarƙashin gadon Hajjo, ta janye durowa, ta kakkaɓe labule.

"Me kike nema kamar kazar da za ta yi ƙwai?"

"Gyare ne ya shigo. Ba ki ji?"

Hajjo ta saurara. "Gyare da tsakar rana? Ni dai ban ji ba, kuma kunnena ne kaɗai ciwon nan ya bar min."

Rekiya ta fita tsakar gida. Gyaren ya fita tare da ita. Ta toshe kunnen hagu da yatsa, kukan ya ƙaru.

Bai tafi ba. Da shi take kwana, da shi take tashi. Sannan abubuwa suka fara ɓacewa. Butar shayi mai fito ta tafasa har ta ƙone, ba ta ji ba. Mai kawo gas ya danna ƙararrawa ya gaji ya juya. Muryar Kawu mai kauri tana jin ta. Muryar Al-Amin ce, idan ya tsaya ta hagunta, take zama kamar daga bayan katanga. Abin da Anti ke faɗa ma ya fara dusashewa, ga ƙarar kuma a ƙure, babu wurin ƙarawa. Sai ta riƙa danna iyafis ɗin da yatsa, tana girki da hannu ɗaya.

Ranar wata Asabar ta sami Kawu a falo. Yana gaban kwamfutarsa, da wani babban abin sauraro mai laushi da ya sayo a wata tafiya ya rufe masa kunnuwa biyu. Ta durƙusa ta jira har ya gan ta. Ya zame ɓari ɗaya.

"Kawu, kunnena yana ƙara. Kuma ba na ji sosai da shi."

"Ku yaran yanzu. Kullum abu a kunne."

"Na Anti ne, Kawu."

"Na sani, na sani. Amma idan an tashi, ba kya jin waƙoƙinku da shi?"

"Wayar ba ta da waƙa ko ɗaya."

Ya yi murmushi irin na wanda ya san yara. Anti ta fito daga ɗaki tana ɗaura ɗankwali.

"Dauɗa ce ta taru. Ɗauko man zaitun a kan firij in ɗiga miki. Ni da nake wuni da waya a ofis me ya same ni?"

Aka ɗiga man zaitun. Ya gangaro mata a wuya ya ɓata riga. Ranar Litinin wayar ta yi ƙara a bakin get.

Ranar da aka kai Hajjo gashin ƙashi ne wani ya lura. Kawu ya kai su asibitin. Matar da ke motsa wa Hajjo ƙafa tana ta hagun Rekiya, ta yi ta cewa ta miƙo tawul, Rekiya na kallon ƙasa. Sai da ta taɓa ta. Rekiya ta zabura ta juyo da kanta gaba ɗaya, ta miƙa mata kunnen dama.

"Tun yaushe kike juya kai haka?" in ji matar. Ba ta jira amsa ba ta dubi Kawu. "Oga, likitan kunne yana nan yau, ƙofar ƙarshe. Ku shiga kafin ya tashi."

Kawu ya duba agogo. Da idon mutane a kansa, ya ce to.

Dokta Uthman dattijo ne, ba ya son doguwar magana. Ya nuna igiyar da ta fito daga ɗankwalinta.

"Cire wannan."

"Antina na kan layi."

"Yanzu haka?"

"E."

"Tun yaushe?"

"Tun safe."

"Jiya fa?"

"Kullum ne, ban da Asabar da Lahadi."

Likitan ya ajiye bironsa. Ya dubi Kawu, Kawu ya dubi hoton kunne da ke jikin bango.

"Ki ce mata likita ya ce ki kashe."

Aka shigar da ita wani ɗan ƙaramin ɗaki mai tagar gilashi, aka rufe mata kunnuwa, aka ba ta maɓalli. Duk sanda ta ji ɗan sauti ta danna. Da aka fara da dama ta yi ta dannawa, har abin ya so ya ba ta dariya. Aka koma hagu. Ta ji masu kauri ta danna. Daga nan ta zauna tana jira. Ta ɗauka na'urar ce ta tsaya. Ta ɗaga kai, ta ga nas ɗin ta cikin gilashi tana kallon ta, hannunta na kan na'urar tana murɗawa.

"A can cikin kunne akwai wasu 'yan siraran gashi da ke ɗaukar sauti," in ji Dokta Uthman. "Ƙara mai ƙarfi, kullum, wuni guda, kashe su take yi. Wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Na hagu ya yi nisa. Ba zan yi miki alkawarin abin da ya tafi zai dawo ba." Ya taɓa nasa kunnen na dama. "Wannan yana nan lafiya. Shi kaɗai gare ki yanzu, shi za mu tsare. Ba iyafis. Ba a hagu ba, ba a dama ba. Alhaji, ka ji ni?"

Kawu ya ji. Ya yi tambayoyi masu ma'ana da Turanci, ya gyaɗa kai, ya ce abin takaici ne yadda mutanenmu ba su san illar waɗannan abubuwa ba. Ya yi godiya har da riƙe hannun likitan da hannu biyu.

A mota Hajjo ta tambaya daga baya, "Me ya ce?"

"Ya ce ta huta," in ji Kawu.

Wayar ta fara ƙara a cinyar Rekiya. Ta ƙare, ta sake farawa. Kawu na kallon hanya.

"Ɗauka mana, kada hankalinta ya tashi. Ni zan yi mata magana a gida."

Ya yi maganar bayan magariba, suna cin abinci. Rekiya na tsaye a ƙofar kicin, ta juyo da damanta.

Anti ta ajiye cokali. "Wato ni na kurmantar da ita."

"Ba wanda ya ce haka."

"Ka manta waccan da muka ɗauka kafin ita? Ta bar Mama cikin fitsari tun safe har la'asar tana can tana hira a waje. Yayyenka suka kira daga ko'ina. Wa suka zaga? Kai suka zaga? Ni ce matar da ta fi son ofis a kan uwar mijinta. To yanzu me kake so, in ajiye aikin?"

"Bilqis, ba wanda ya ce ki ajiye aiki."

"Anti," in ji Rekiya, "ko in riƙa sa ta a sifika, in ajiye a kan tebur?"

"Da janareton nan? Kina kicin, kina bayi, kina shanya, wayar na kan tebur? Kuma Mama ta riƙa jin maganar ofishinmu tana sa baki?"

"Za a sa kyamara," in ji Kawu. "Akwai wani yaro a wurinmu da ya iya."

"Sai a sa. Kafin nan fa?" Anti ta juyo. "Wanne ne ma ya samu matsalar?"

"Na hagu."

"To."

Kawu ya gyara zama. "Likitan dai ya ce duka biyun."

"Likitan ne zai amsa wayar yayyenka idan wani abu ya sami Mama? Su fa likitoci, ka shiga da ƙafarka sai sun samo maka ciwo. Na ɗan lokaci ne. Ta rage ƙarar, shi ke nan."

Kawu ya daɗe yana juya miya a faranti. Sannan ya ɗago, bai kai idonsa kan Rekiya ba.

"Ki yi haƙuri, kin ji? Kakarki ce. Lada kike samu."

Rekiya ta kira mahaifiyarta a Tungan Maje. Uwar ta saurara har ƙarshe, ta yi salati. Sannan ta ce Kawu ne ke ɗauke da karatun ƙannenta, kuma ba a san shi da mugunta ba. Ta ce ta yawaita addu'a, za ta aiko mata da tofi.

Ranar Litinin Rekiya ta tsaya a bakin get da iyafis a hannu. Wayar ta yi ƙara. Ta ja ɗankwali ta rufe kunnuwanta biyu, ta tura shi a na hagu. Wanda ya riga ya lalace, ya ƙarasa.

Dabarar ba ta kai azahar ba. Anti ta shiga mitin ta yi raɗa, ta sake yi, ba amsa. Ta fito ta kwatsa kira.

"A wane kunne kika sa?"

Rekiya ta kai hannu kunnenta na hagu.

"Ni za ki yi wa wayo? Ina nan darakta na magana, ni hankalina na gida, na ɗauka wani abu ya faru. Mayar da shi yanzu ina ji."

Washegari Rekiya ta rataye shi a bayan kunnen dama, a cikin ɗankwali, ba ta tura ciki ba. Janareto ya tashi, muryar Anti ta nutse. A ranar Kawu da kansa ya kira daga ofis. Bai yi faɗa ba. Ya ce yana cikin aiki, Antinta ta kira shi tana kuka, don Allah ta taimake shi a zauna lafiya, kyamara na nan zuwa.

Ta tura shi a na dama.

Sai gidan ya ɗauke. Hagu gyare, dama ofishin Anti. Tana ganin ruwa na zuba a famfo ba ta jin sa. Tana ganin bakin Al-Amin na motsi. Abin da kunne ke yi mata a da, yanzu ƙafa ke yi. Ta ɗora tukunya ta ruga ɗakin Hajjo ta leƙa. Ta dawo ta juya miya ta ruga ta duba yaro. Ta fara wanki ta tsame hannu da kumfa ta sake leƙawa. Ba ta zama. Abinci ma a tsaye take ci, a ƙofar ɗakin, idonta a kan gado.

"Za ki haƙa rami a tayil ɗin nan," in ji Hajjo. Sai da ta maimaita, Rekiya na kallon bakinta.

Ta ba Hajjo cokali da kofin silba, ta ce idan tana son wani abu ta buga. Hajjo ta gwada da hannunta mai lafiya. Rekiya ta koma kicin ta saurara. Ta dawo.

"Kin buga?"

"Har maƙwabta sun ji."

Yaron kyamara bai zo ba. An ce ya yi tafiya. An ce ya dawo amma kayan ba su iso ba. Daga baya Anti ta ce ita fa da ta sake tunani, bai dace a sa kyamara a ɗakin da ake yi wa Mama wanka ba. Kawu ya ce wannan gaskiya ne.

Ranar wata Alhamis aka ɗauke wuta tun safe. Janareto na ta ruri. Anti na da baƙi ranar Asabar, matan ofishinsu, sai ta fito baranda da rana ta kama lissafa wa Rekiya abin da za a dafa. Rekiya na gaban bilenda tana markaɗa kayan miya. Ta so ta je ta leƙa. Duk sanda ta motsa sai Anti ta ce, "Kina ji na? Maimaita abin da na ce." Ta maimaita. Anti ta tuna wani abu. Wata ta zo wucewa suka gaisa, suka yi dariya a cikin kunnen Rekiya, Anti ta dawo kan maganar naman.

Al-Amin ne ya ja mata riga. Ta ture hannunsa. Ya sake ja, yana nuna ƙofa.

Hajjo na ƙasa, tsakanin gado da bango. Ƙafarta ɗaya ta juya yadda ƙafa ba ta juyawa. Cokalin na hannunta. Kofin ya gangara ƙarƙashin kujera, kunun da ya zube har ya fara bushewa ta gefe. Bakinta na buɗewa yana rufewa, muryar ta ƙare.

A kunnen dama Anti na cewa, "Kuma kada ki cika albasa kamar wancan karon."

Rekiya ta fizge igiyar.

Ƙashin ƙugu ne ya karye. A barandar asibiti Anti ta yi ta kai da komo da takalmin ofis, tana amsa wayar dangi ɗaya bayan ɗaya.

"Wallahi ina kan layi, Yaya. Ina kan layi lokacin. Ban ji komai ba. Ni da ba na kashe waya saboda Mama." Ta kashe, ta juyo kan Rekiya. "Kina cikin gidan. Taku nawa ne daga kicin zuwa ɗakin? Tsohuwa na ƙasa tana kira, ke kina ina?"

"Ina sauraron ki, Anti."

Anti ta kau da kai daga gare ta. Ta dubi mijinta. "Ka ji ko? Ka ji irin maganar da take faɗa min yanzu?"

Da Hajjo ta farfaɗo daga aikin da aka yi mata, muryarta a dishe take. Ta sa aka matso da ɗanta.

"Na kira har na gaji. Ruwa na so in ɗauka na zame. Yarinyar nan ba ta da laifi. Ƙofa ɗaya ta rage mata, kuka toshe."

"Hajjo, ki huta. Likita ya ce kada ki yawaita magana."

"Kai dai kana jin maganar likita idan ta yi maka."

Ya gyara mata bargo ya fita amsa waya.

Da safe Anti ta biyo ta asibitin kafin ta wuce ofis. Ta kawo shayi a fulas da kayan sawa. Ta buɗe jaka ta ciro iyafis sabo a cikin ledarsa, tunda wancan ya tsinke, ta miƙa.

"Yanzu ma aka fi buƙata. Duk abin da likita ya ce ina so in ji da kunnena."

Rekiya ta dubi ledar. Hannunta bai motsa ba.

"Ba zan saka ba, Anti."

"Me kika ce?"

"Zan kwana da Hajjo. Zan wanke ta, zan juya ta, zan ba ta abinci. Duk sanda kika kira zan ɗauka in gaya miki. Wannan dai ba zan ƙara sakawa ba."

Matar gadon kusa ta daina shan kokonta tana kallo. Anti ta mayar da ledar cikin jaka a hankali, ta ja zif.

"To shi ke nan," ta ce.

Ba a kore ta ba. A gidan Kawu ba a korar ɗan'uwa. An bari ta yi jinyar har aka sallami Hajjo. Sannan Kawu ya kira ta falo, ya ce ya yi tunani sosai a kan lafiyarta, ya ga ba adalci ba ne a ci gaba da ɗora mata aiki a wannan hali. Ta koma gida ta huta. Ya ce ai likita ma abin da ya ce ke nan tun farko.

Ga mahaifiyarta ya ce yarinyar ta samu lalurar kunne, irin ta yaran zamani da waya, sun kai ta babban asibiti an yi iya ƙoƙari. Uwar ta yi godiya. Ga matan ofis Anti ta ce ta riƙe 'yar mutane kamar ƙanwarta, ta saka mata da karya mata suruka. Suka ce ai ɗan'uwa ya fi bare wuyar sha'ani. Ga yayyen Kawu aka ce an samu wata, an kuma ƙara tsaurara tsaro. Suka ce Allah ya saka wa Bilqis da alheri. Babu wanda ya yi ƙarya tsagwaronta. Kowa ya ɗauki ɓarin da zai iya ɗauka ya bar sauran.

Sabuwar ta zo ranar Lahadi da yamma, daga Jiwa. Hansatu sunanta, ba za ta wuce shekarun Rekiya ba. Anti ta zaunar da ita a kan kafet ta yi mata tambayoyi. Ta iya girki? Tana ƙyamar tsofaffi? Tana da saurayi mai yawan kira?

"Kunnuwanki fa? Kina ji sosai?"

Hansatu ta yi dariya. "Ina ji, ma. A gona ma daga nesa ake kira na."

"Madalla."

Aka ce Rekiya ta nuna mata aiki kafin ta tafi. Ta nuna mata magunguna, da yadda ake juya Hajjo ba a taɓa ƙugun ba, da inda ake kashe janareto. Da gari ya waye ta shiga yi wa kakarta sallama da jakarta a hannu.

"Tafi," in ji Hajjo. "Da ina da ƙafa da na riga ki."

Hansatu ce ta riƙe wa Anti get. Motar ta fita. Igiya sabuwa fara ta bi ta ƙarƙashin ɗankwalin Hansatu. Rekiya ta jira motar ta sha kwana, sannan ta matso, ta zare iyafis ɗin daga kunnen yarinyar, ta dunƙule bakin maganar a tafin hannunta.

"Kada ki ƙure ƙarar. Ko ta yi faɗa. Idan kika fara jin kuka kamar na gyare, ki tattara kayanki a ranar. Kada ki jira kyamara."

Hansatu ta waiga titi, ta waigo. Titin shiru ne a lokacin, ba mota, ba janareto. Tana tsaye daf da Rekiya, ta ɓangaren dama. Ta yi magana ƙasa-ƙasa don kada wayar ta ɗauka.

Rekiya ta ji "madam ta ce", ta ji "aiki". Sauran ya wuce. Ta ƙara matso da kunnen dama har ya kusa taɓa bakin yarinyar. A can cikinsa wani siririn kuka ya amsa wa na hagu.

Hansatu ta gama, tana jiran amsa.

"Ɗan ɗaga murya," in ji Rekiya.